Kada a yi gaggawar fomatin don laftof ta ƙi tashi daga barci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata matsala da take jawo wa masu kwamfutar tafi-da-gidanka asara a nan Kano, musamman ɗalibai da ƙananan ma'aikata, alhali sau da yawa maganinta bai kai kuɗin hawa adaidaita-sahu ba.

A watan jiya 'yar ƙanena, wadda take shekarar ƙarshe a jami'a, ta rufe murfin laftof ɗinta da daddare ba tare da ta kashe ta ba. Da gari ya waye ta buɗe, sai allon ya tsaya baƙi ƙirin, 'yar fitilar da ke kusa da maɓallin kunnawa tana ta ƙiftawa, amma duk abin da ta danna shiru kake ji. Hankalinta ya tashi, ta kwashe ta sai wurin wani mai gyara, shi kuwa ko tambaya bai yi ba ya yanke hukuncin cewa sai an yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora mata manhaja. Aka yi, babi uku na aikin bincikenta suka salwanta. Da ta zo mini idonta ya yi ja tana cewa, "Baffa, ya ce babu wata hanya," abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kafin ya iya yin fomatin ɗin dole sai da ya kashe kwamfutar ya sake kunna ta, wato a daidai lokacin nan ta riga ta warke.

Na fi shekara goma ina riƙe da shagon buga takardu, don haka na sha ganin irin wannan. Idan kwamfuta ta shiga barci, tana kashe allo da fanka da faifan ajiya, ta bar 'yar wuta kaɗan tana ciyar da ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi inda duk aikin da yake buɗe yake zaune. Ram kuwa da zarar wuta ta yanke masa ya manta komai. Amma abin da mutum ya riga ya adana a faifai yana nan daram, ko da an kashe kwamfutar da ƙarfin tsiya. Iyakar abin da za a rasa shi ne rubutun da ba a adana ba tun kafin a rufe murfin.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ko kwamfutar ce ta ƙi farkawa, ko kuwa ta farka allon ne bai biyo ta ba. Ina danna maɓallin Caps Lock. Idan fitilarsa ta kama ta mutu yadda ta saba, to kwamfutar idonta biyu. A Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da harafin B a lokaci guda yana sake tayar da manhajar da ke sarrafa allo, wadda masu gyara suke kira direba, kuma yawanci za a ji 'yar ƙara kafin hoto ya dawo. Wanda ya jona ta da majigi a aji ko wurin taro, ya gwada maɓallin Windows da harafin P, domin wani lokaci tana nan tana aika hoton ga majigin da aka riga aka cire. Akwai kuma dabarar tocila: a haska allon daf da daf, in an hangi inuwar rubutu dishi-dishi, to fitilar bayan allon ce ko wayar da ta bi ta maƙalar murfi ta sami matsala, kuma wannan ba shi da wata alaƙa da fomatin.

Sai dai a garin nan batir ne ya fi yawan laifi. Yawancinmu laftof ta hannu muke saya, wadda ta yi shekaru tana aiki a Turai ko Amurka kafin ta iso mana, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa, sai batirin ya ƙare ƙarƙaf cikin dare kwamfutar tana barci. A jona ta da cajar da aka tabbatar tana aiki, a ba ta kamar rabin sa'a. In har yanzu shiru, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 har fitilun su mutu, a zare caja da filasha da linzami, a cire batir in mai ciruwa ne, a sake danne maɓallin kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ta maƙale a ciki ta zube, sannan a mayar da caja a kunna. Bayan ta tashi, a rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wato baƙin akwatin da ake rubuta wa Windows umarni a ciki, zai fito da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka a yau. Idan na biyun bai kai rabin na farkon ba, mai ita ya fara tanadin kuɗin sabon batir.

Idan abin ya zama na kullum, akwai wani tsari mai suna Fast Startup da kamfanin Microsoft ya shigo da shi tun Windows 8 a shekarar 2012. Da shi a kunne, ko an zaɓi Shut down kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani sashe na halin da take ciki ta dawo da shi gobe, har da direban da ya rikice. Restart ne yake wanke komai, abin da mutane da yawa suka ɗauka akasin haka ne. Ana kashe wannan tsari a sashen Power Options, sannan a sauko da sabon direban allo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo. Sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da take fara tayar da kwamfuta kafin Windows, shi ma yakan magance matsalar, amma ba na ba kowa shawarar ya taɓa shi sai batir ya cika kuma wuta ta tsaya, domin in ta yanke a tsakiyar aikin, an tashi daga gyaran gira an koma rasa ido.

Ni dai a ganina barcin nan bai dace da yanayinmu ba sam. Sababbin laftof da yawa suna amfani da tsarin da ake kira Modern Standby, wanda ba ya barin kwamfuta ta yi barci sosai, tana iya ci gaba da 'yan ayyuka murfi a rufe. A saka irin wannan a jakar goyo a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, a ratsa cunkoson Ƙofar Nassarawa da ita, sai a fito da ita kamar dutsen guga, batir ya ƙare. Gara a zaɓi Hibernate, wato dogon barci, inda kwamfutar take kwashe duk abin da ke cikin ram ta rubuta a faifai sannan ta mutu murus, ba ta shan wuta ko kaɗan. Ana iya saita ta yadda rufe murfi kawai zai kai ta can, kuma mai faifan SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, ba zai jira fiye da 'yan daƙiƙu ba kafin aikinsa ya dawo inda ya bar shi.

Akwai lokacin da dole sai an je wurin gwani, kamar idan ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko ram ya sassauta a mazauninsa, ko ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu har agogon kwamfutar ya riƙa ɓata. A Beirut Road da Farm Centre akwai matasa masu hannu da suka san wannan aiki ciki da bai. Roƙona ga duk mai wannan sana'a shi ne, kafin ya goge kwamfutar kowa ya tambayi mai ita abin da ke ciki, ya kwafe masa takardunsa a filasha ko wani faifan, ko da zai ƙara masa kuɗin aiki. Ita kuwa 'yar tawa, Allah ya taimake ta malaminta bai jefar da kwafen da ya yi wa gyara da jan biro ba, shi muke sake bugawa a shagona kowace yamma, yanzu mun shiga babi na biyu.

Naka mai karatu a kullum,
wani mai shagon buga takardu,
Gwammaja, Kano.