Yaya, a ɗan dakata da maganar ginin

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya ƙafar Umma? Ka gaishe min da Anti da yara. Nan Doha lafiya lau sai zafi, da rana kwaltar filin jirgi har tururi take.

Abin da na kasa faɗa maka a waya ne na ce bari in rubuta. Kuɗin da zan turo a sa harsashi a filina, dan Allah kar a kira magini tukuna. Tuƙin jirgi nake so in koya. Ka san tun muna yara in Baba ya kai mu rakiyar alhazai filin Malam Aminu Kano ni ba a iya ɓanɓare ni daga jikin wayar shingen filin, to shekara huɗu kenan ina loda jakunkuna a cikin cikin jirgi, kullum matuƙa na wuce ni da hularsu, abin bai taɓa barin raina ba wallahi.

Na zauna da wani matuƙi ɗan Habasha ya warware min komai bai ɓoye min ba. Matakin farko lasisin PPL, wato na tuƙi don kanka ba na ɗaukar fasinja da kuɗi ba, a Afirka ta Kudu awa 45 ne mafi ƙaranci a ƙaramin jirgi irin Cessna 172, wannan kuɗina zai iya. Na kasuwanci wato CPL sai ka cika awa 200, kowace awa kuma biya kake, mai da malami da hayar jirgi, nan ne aljihuna zai ƙare. Kuma ko ka gama ba a nan take ba, sai an sake horar da kai a kan takamaiman jirgin da za ka tuƙa kamar Boeing 737, shi ma kuɗi ne mai zaman kansa, kujerar kyaftin kuwa sai awa 1500. Ka tuna yaran nan 100 da gwamnatin Kano ta tura Jodan zamanin Kwankwaso, da yawansu sun dawo da lasisi suka daɗe a gida ba aiki. Wannan shi ke hana ni barci, kar in saki reshe in kama ganye, ga Umma ga kuɗin makarantar Auta duk a albashin nan suke.

Na san za ka ce a sayar da gonar Baba. A'a Yaya, ban yarda ba, gadon mu duka ne har da su mata.

Ga abin da na yanke. Wata mai zuwa zan je gwajin lafiyar matuƙa mai daraja ta ɗaya, ana duba ido da bambance kala da ji da zuciya, in na faɗi shikenan na haƙura a ci gaba da gini. In na ci, ina so ka leƙa min kwalejin jiragen sama ta Zariya ka ji kuɗinsu da lokacin ɗaukar ɗalibai, in zai yiwu a gida ai ya fi min, ko ba komai ina kusa da Umma. Shekarata 27, ana tuƙi har 65, ban makara ba.

Kar ka gaya mata yanzu, ka san yadda take da tsoron jirgi, bari sakamako ya fito ni zan kira ta da kaina. Kai dai ka yi min istihara, kuma in kana ganin wauta ce ka faɗa min kai tsaye zan ji.

Ƙaninka.