Sanarwa: Turancin tufafi, a kula da shi

Salam ƴan uwa, musamman masu saro kaya ta intanet suna kawowa kasuwar Sabon Gari. Don Allah a riƙa duba ƙasar mai sayarwa kafin a tura kuɗi, domin pants a Amurka dogon wando ne, amma a Ingila ɗan kamfai ake nufi, su trousers suke ce wa wando. Ni kaina na taɓa shiga wannan rami wallahi, wando na nema aka aiko min kamfai dozin guda, sai dariya. Haka vest, a Ingila singileti ce, a Amurka kuwa falmaran. Jumper kuma suwaita ce wajen Turawan Ingila, ba jamfarmu ba, ga hunturu na tafe kar wani a Samaru ya yi oda ya ga abin mamaki.