Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiya: Haƙorin Talaka da Katin Inshora

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekara lafiya. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta abin da muka yi, kuma tunda ma'aji zai karanta nasa lissafin a zauren taro, zan tsaya kan aikin da ya ci mana mafi yawan lokaci, wato shigar da marasa galihu inshorar lafiya da neman ta riƙa ɗaukar ciwon haƙori.

Mun fara shekarar da ƙwarin gwiwa, domin doka tana bayanmu. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane mazaunin Najeriya, ta kuma ware asusu na musamman domin yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta. Tun kafin nan dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. A nan Kano kuwa, Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ce ke rajistar jama'a. Da waɗannan muka shiga unguwanni, muna sallama a ƙofar masu unguwa da limamai, reshen mata kuma yana shiga cikin gidaje. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne rashin lambar NIN, musamman zawarawa da tsofaffin da ba sa fita. Matasanmu sun yi ta raka su wurin rajista da kuɗin motarsu. Allah Ya saka musu da alheri.

To, amma sai muka ci karo da abin da bai zo mana a lissafi ba. Wata baiwar Allah da muka yi wa rajista ta kwana uku kuncinta a kumbure. Ta je asibitin sha-ka-tafi da katinta, aka ba ta maganin rage zafi aka sallame ta, domin babu mai duba haƙori a wurin, babu kujerar aikin. Kafin ta samu takardar turawa zuwa babban asibiti, ta riga ta je wurin mai cire haƙori a bakin kasuwa, ya bar mata guntu a ciki. Daga ƙarshe asusun ƙungiya ne ya biya kuɗin gyaran ɓarnar. Ba ita kaɗai ba ce. Mun ga masu danna kanumfari har ramin ya ci rabin haƙori, mun ga wanda ya ɗiga ruwan batir don ya samu barci. Ba jahilci ba ne ya kai su, kusanci ne da araha. Ni dai abin da na fahimta a bana shi ne, matuƙar babu hannun da zai yi aikin kusa da gida, katin zama yake a aljihu.

Shi ya sa muka sauya abin da muke nema. A wasiƙun da muka kai ofisoshi, da zaman da muka yi da wakilanmu, mun roƙi a sanya duba baki, wankin haƙori, ciko da cirewa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, a kuma ɗauki jami'an kula da haƙori irin waɗanda aka horar a kwalejin tarayya ta koyar da aikin haƙori a Enugu, ko da za a riƙa zagayawa da su mako-mako. Wannan ba mafarki ba ne. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai sinadarin fulorayid cikin jerin magungunan dole, tare da wani nau'in ciko da ake iya yi ba tare da injin huda haƙori ba. An karɓe mu da mutunci, an yi alkawari, amsa a rubuce ce har yanzu muke jira.

Ranar 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, mun zagaya makarantun Islamiyya da buroshi da asuwaki, wani likitan haƙori ɗan unguwa ya duba yara kyauta. Mun fi ja wa iyaye mata kunne kan cutar noma mai zaizayar baki, wadda aka sanya cikin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su a Disambar 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa, lokacin da magani mai sauƙi zai tsayar da ita. Idan aka yi sake, cikin kwanaki ta huda kunci. Asibitin noma na Sakkwato yana gyara fuskokin da ta ci tun 1999, amma wace uwa ce ke son ɗanta ya kai can?

Inda muka gaza, mu faɗa. Ba mu kai ƙauyukan da muka yi niyya ba saboda tsadar mai, kuɗin wata kuma ya yi ƙasa sosai bayan damina. Masu bashi, don Allah a ga ma'aji.

A shekara mai kamawa za mu buɗe littafi na musamman: duk wanda ya je asibiti da kati kan ciwon haƙori aka mayar da shi, a rubuta ranar da abin da aka ce masa, domin mu je gaban hukuma da hujja a hannu. Kowane reshe ya zo babban taro da sunan mutum ɗaya da zai riƙe littafin.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya