Zuwa Ga Ɗana: Ka Fara Da Python

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan.

Mahaifiyarka ta ce ka kira ran Juma'a ranka a jagule, wai kana son koyon rubuta manhajar kwamfuta amma Turancinka bai kai ba, ga abokai sun ruɗa ka, kan yaren rubuta manhajar da za ka fara da shi, wannan ya ce Java, wancan ya ce C++. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka fara da Python. Wanda ya ƙirƙiro shi, Guido van Rossum, mutumin Holan ne, ya fitar da shi a 1991, kuma shi ma koyon Turanci ya yi kamar kai. Ruby kuwa, wani yaren rubuta manhajar, ɗan Japan ne ya yi shi, Yukihiro Matsumoto, a 1995. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, irin su if, else, for da while. Kai da ka haddace izu goma kafin ka gama firamare, waɗannan ba za su kai maka mako ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne Python 3 yana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa. Ka rubuta kuɗi = 500, da ɗ ɗinka, zai gane. Layi ɗaya, print("Sannu"), ya isa kwamfuta ta gaishe ka, alhali a yadda aka saba koyar da Java sai ka jera layuka da ba ka san ma'anarsu ba tukuna. Ka riƙa sa sunaye da Hausa yanzu, tunaninka zai fi tafiya daidai. Ran da ka fara aiki da wasu ka koma Turanci.

Inda Turanci zai tare maka hanya da gaske shi ne saƙon kuskure. Allo zai cika da rubutu, gabanka ya faɗi. Kada ka rufe. Ka duba layin ƙarshe, nan maganar take. In ka ga NameError, ka kira sunan da ba ka gabatar ba ne, ko ka kuskure harafi. In IndentationError ne, tazarar farkon layi ce ta goce, don Python ba ya wasa da ita. Ka sayi ɗan littafi, duk kuskuren da ya fito ka rubuta shi da ma'anarsa da Hausa. Turancin da kake tsoro a nan za ka tsince shi.

Rashin wuta ma ba hujja ba ne, akwai Pydroid 3, manhajar rubuta Python a wayar Android. Ka yi wata shida kafin ka leƙa wani yaren, ko da JavaScript ne da ake ta yabo don shafukan intanet.

Littafin bashi na shagon kawunka ya yage. Ka fara da shi: suna, abin da aka ci, abin da aka biya, saura. In ya yi aiki ka turo min in gani.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.