A raba babbar manhajar kwamfuta a filash, domin ba kowa ke da datar saukewa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi makarantu da shagunan kwamfuta, wato yadda za a isar da babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, irin wadda masu ita suka yarda kowa ya kwafa, zuwa hannun mutanen da intanet bai wadace su ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafin da yake bai wa Windows 10 na yau da kullum, ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke ɗakunan karatunmu ba su cika ba. Waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau, kuma manhajojin dangin Linux, irin su Debian da Ubuntu, za su iya tafiyar da mafi yawansu na wasu shekaru masu zuwa ba tare da an biya kuɗin lasisi ba. Duk wanda ka yi wa wannan bayani sai ya ce madalla, a ina ake samu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ya je intanet ya sauke, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Manhajar Ubuntu ta 24.04 kaɗai ta kusa gigabait 6, kuma bayan an ɗora ta akwai sauran manhajojin aiki da za a sauke daban. Ga wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan a waya, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa a watan Janairun 2025, wannan kamar a ba mutumin Maiduguri buhun hatsi kyauta ne a kasuwar Dawanau, a ce masa kuɗin mota nasa ne.

Masu haɗa Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, sun daɗe da fahimtar wannan matsala. Suna da ɗan ƙaramin faifan farawa wanda ke janyo sauran kaya daga intanet yayin da ake ɗorawa, amma ba su taɓa dogara da shi kaɗai ba, domin suna fitar da dukan rumbun manhajojinsu a jerin fayafayai yadda wanda ba shi da sabis ko kaɗan zai iya ɗora duk abin da yake so. Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, na DVD gigabait 4.7, na Blu-ray kuwa gigabait 25, mai hawa biyu ya ɗauki 50. Lokacin da suka fitar da Debian 5.0 a watan Fabrairun 2009, sun fara samar da ita a Blu-ray, kuma a wancan lokaci faifai guda ya isa ya ɗauke dukan manhajojin da suke da su, sama da 20,000, na nau'in kwamfuta ɗaya. Yau rumbun ya bunƙasa ƙwarai. Debian 13 da ta fito a watan Agustan 2025 tana da ƙunshin manhajoji sama da 69,000, abin da zai ci fayafayan DVD fiye da ashirin, alhali a Blu-ray 'yan ƙalilan ne.

A ganina hikimar da ke cikin wannan tsari daidai take, amma mazubin ne bai dace da mu ba. Da wuya ka ga na'urar buga Blu-ray ko ta karanta shi a shagunan kwamfuta na Kano ko Kaduna, kuma laftof ɗin da ake shigowa da su yanzu, har da na gwanjo, da yawa ba su da ramin faifai ma gaba ɗaya. Shi kansa DVD ya yi wa sababbin manhajoji kaɗan, domin Ubuntu da ta bar girman CD tun fitowar 12.10 a 2012, yau ta fi ƙarfin DVD mai hawa ɗaya. Abin da kowa ke da shi a aljihu shi ne filash da memori, kuma filash mai gigabait 256 zai ɗauke dukan abin da waɗancan fayafayai ashirin da wani abu suka ƙunsa, har ya bar wuri. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja mai suna Ventoy da ke ba mutum damar zuba manyan manhajoji iri-iri a filash ɗaya, idan ya kunna kwamfuta ya zaɓi wadda yake so.

Wannan aiki an taɓa yin irinsa a nahiyarmu. Kamfanin Canonical mai haɗa Ubuntu, na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, ya shafe shekaru yana aika fayafayan Ubuntu ta gidan waya kyauta zuwa ko'ina a duniya a ƙarƙashin shirin ShipIt, har zuwa 2011 da ya rufe shi. Gidauniyar Shuttleworth kuma ta kafa wasu na'urori da ake kira Freedom Toaster a Afirka ta Kudu tun 2004, inda mutum zai zo da faifansa wanda ba a rubuta komai a kai ba, ya zaɓi manhaja a allo, na'urar ta buga masa. An rufe shirin ShipIt ne bisa zaton intanet ya wadata, wanda gaskiya ne a Turai da wasu manyan birane. Mu kuwa mun ga yadda aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, aka kuma ƙara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mun kuma ga yadda lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024 ta durƙusar da intanet a ƙasashe da dama. Makarantar da ke da cikakken rumbu a aljihun tebur ba za ta tsayar da darasi ba a irin waɗannan ranaku.

Hanyar rabawa kuwa muna da ita tuni, sai dai ba mu ɗauke ta da daraja ba. A kusan kowace kasuwa da tashar mota akwai matasa masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai: tebur ɗaya, laftof ɗaya, tarin na'urorin karanta memori a jone, ga ƙaramin janareto yana ƙara a gefe, mutum ya miƙa memorinsa ya faɗi abin da yake so, cikin 'yan mintoci a miƙo masa. Sau da yawa ana zargin wannan sana'a da cin haƙƙin masu fasaha, amma a nan babu wannan zargi, domin lasisin da ake fitar da waɗannan manhajoji a ƙarƙashinsa, wato GPL da makamantansa, sun halatta a kwafa, a raba, har ma a karɓi kuɗin wahala. Idan aka koya wa waɗannan matasa yadda ake shirya filash mai tayar da kwamfuta, sun sami ƙarin hanyar abinci ta halal, kuma manhajar za ta shiga lungunan da babu wani shirin gwamnati da zai kai.

Sai dai akwai abubuwan da dole a kiyaye, in ba haka ba gyara zai koma ɓarna. Kasuwa cike take da jabun filash, wanda za ka ga an rubuta masa gigabait 128, kwamfuta ma ta nuna haka, amma da zarar an wuce ɗan abin da yake iya ɗauka da gaske sai ya riƙa lalata abin da aka zuba ba tare da ya nuna alama ba, sai an zo tsakiyar ɗorawa aiki ya tsaya cik. Manhajoji irin su f3 da H2testw suna tona asirin irin wannan filash, kuma bai kamata a zuba komai ba sai an gwada. Haka nan Debian da Ubuntu suna wallafa lambar tantancewa ta kowane fayil, wadda idan aka lissafa ta a kan kwafin da ke hannu ta saɓa ko da harafi ɗaya, to an san fayil ɗin ya lalace ko wani ya sa masa hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da babbar manhaja ita ce ke ganin duk abin da mai kwamfuta ke yi, har da lambobin sirrinsa na banki, kuma kwafin da ya bi ta hannu goma yana buƙatar shaida.

Akwai kuma gaskiyar da masu son wannan tsari ba su cika faɗa ba, wato abin da ke cikin filash yana tsufa. Ana gano ɓaraka a manhajoji kullum, ana kuma toshe ta ta hanyar sabuntawa, don haka filash ɗin bara ba zai wadatar da kwamfutar da ke hawa intanet bana ba. Debian tana fitar da gyararren kwafi duk bayan 'yan watanni, kuma manhajar jigdo da suke amfani da ita wajen haɗa manyan fayafayai tana iya duba tsohon kwafin da ke hannu ta sauke abin da ya canza kawai, wanda ke rage cin data sosai. Wani sauƙin da aka samu shi ne, bayan ƙuri'ar da 'yan Debian suka kaɗa a 2022, tun daga Debian 12 ana haɗa ƙananan manhajojin da ke tayar da sassa irin su Wi-Fi a cikin faifan ɗorawa, alhali a da mutum kan gama ɗorawa ya tarar yana buƙatar intanet kafin ya iya kunna abin hawa intanet ɗin. Masu tsofaffin na'urori ƙwarai su lura cewa Debian 13 ba ta da faifan ɗorawa na tsohon samfurin kwamfutocin Intel da AMD da ake kira masu bit 32.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu da ke da intanet mai ƙarfi, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su ware kwamfuta ɗaya da babban rumbun ajiya a cibiyoyinsu na kwamfuta, su riƙa sauke cikakken kwafi sau ɗaya suna tantance shi, suna kuma sabunta shi duk lokacin da gyararren kwafi ya fito, sannan su sanya ranaku a mako da malamin makaranta ko mai shago zai zo da filash ɗinsa a zuba masa. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, NITDA, kuma tana iya ɗaukar nauyin horar da masu turawa a kasuwanni, tare da buga takardar bayani da Hausa mai nuna yadda ake gwada filash, da yadda ake duba lambar tantancewa, da yadda ake kwashe fayilolin mai kwamfuta a adana kafin a taɓa na'urarsa.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin koyar da kwamfuta,
daga Zariya, jihar Kaduna.