Wa Zai Fito Ya Gaya wa Dangi?

Zuwa ga aminina Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da uwargida da yara, kuma sanyin ƙasar da kake bai takura muku ba. Mu ma nan lafiya lau muke. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, tana kuma tambaya ko alkawarin zuwanka da Babbar Salla yana nan.

Maganar da ka jefa mini a saƙonka na ƙarshe ce ta sa na zauna na rubuta maka wannan doguwar wasiƙa. Ka ce nan da 'yan shekaru ƙirƙirarriyar basira za ta karɓe rabin aikinku, kuma ka faɗe ta da muryar wanda ya riga ya sallama, abin da ban saba ji daga bakinka ba. Na daɗe ina juya ta a raina, har sai da na kalli wani fim na Japan mai suna AI Hokai, wanda ya fito a 2020. Ana fara shi na gane jarumin: Osawa Takao ne, wato likitan nan na cikin Jin, shirin da ka cika mana waya da shi kafin ka tafi, har mutumin naka mai shayi ya riƙa kiranka Bajapane.

An gina labarin a Japan ta shekarar 2030. Wani masani ya ƙirƙiro wata basira mai suna Nozomi domin ya ceci matarsa da ciwon daji ya kama, daga baya ƙasar gaba ɗaya ta dogara da ita, ta zama ita ke riƙe da bayanan lafiyar jama'a, ita ke tafiyar da na'urorin asibitoci, har da 'yar na'urar nan da ake dasa wa masu ciwon zuciya a ƙirji. Wata rana sai ta birkice, ta shiga tantance mutane bisa shekarunsu da samunsu da lafiyarsu, tana ware wanda ya cancanci ya rayu da wanda bai cancanta ba. Ka yi mini afuwa zan ɓata maka ƙarshen, domin a nan hujjata take: ashe wasu masu riƙe da madafun iko ne suka murɗa ta, suna so a rage waɗanda suke gani nauyi ne a kan ƙasa, ba tare da an ga hannunsu ba. A ƙasar da mutanen da suka kai shekara 65 zuwa sama suka kusa kashi 30 cikin ɗari na jama'a, babu wanda zai kalli wannan ya ɗauke shi wasa.

Finafinan Amurka da muka taso muna kallo sun koya mana tsoro iri ɗaya ne, wato ranar da na'ura za ta yi wa mai ita tawaye, tun daga kwamfutar HAL ta fim ɗin Stanley Kubrick na 1968 har zuwa Skynet ta cikin Terminator na 1984. Wannan tsoron bai taɓa hana ni barci ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan labarin da ke cikin I, Robot na 2004, inda motoci biyu suka faɗa ruwa, mutum-mutumi ya lissafa cewa babban mutumin yana da kashi 45 cikin ɗari na yiwuwar tsira, yarinyar kuwa kashi 11, sai ya ciro babban ya bar yarinyar. Lissafin bai yi kuskure ba, amma wanda aka ceta ya rayu da ƙuncin abin, saboda babu wanda zai kama ya tambaya, babu kuma wanda zai ce masa ya yi haƙuri. Na tabbata ka tuna irin wannan a fim ɗin Indiya na Rajinikanth, Enthiran na 2010, wanda yaran gidanmu suka kusa haddacewa: mutum-mutumin nan Chitti ya kutsa cikin gobara ya ɗauko yarinyar da ke wanka, ya dire ta gaban jama'a da 'yan jarida ba sutura, kunya ta sa ta ruga a guje mota ta buge ta ta mutu. Ya ceci jikinta, bai san akwai abin da ake kira mutunci ba.

To, a nan ne finafinan asibiti masu dogon zango na Japan suka ba ni abin da na rasa a wancan ɓangaren. Ni dai a ganina babu kamar Shiroi Kyoto, wanda aka ciro daga littafin Yamasaki Toyoko, musamman wanda tashar Fuji ta yi a 2003. Har yanzu ina ganin yadda ake sanar da zagayen farfesa ta lasifika, jarumin shirin, likitan tiyata Zaizen, yana tafe a gaba cikin farar riga, manyan likitoci da ƙanana suna biye da shi a jere gwargwadon muƙaminsu, ma'aikatan jinya suna rusunawa a bakin ƙofofi. Zaizen gwani ne na gaske a tiyata. Amma da abokinsa likita Satomi ya nuna masa wani ɗan duhu a hoton huhun wani majinyaci, ya roƙe shi a ƙara bincike kafin a yi aiki, sai girman kai da neman kujera suka sa ya yi watsi da maganar, ya yi tiyatar, ya kama hanyar taro a ƙasar waje, majinyacin ya rasu a bayansa. Duk sauran labarin a kan tambaya ɗaya ya tsaya, wato wa zai ɗauki alhakin wannan rai. An tilasta wa ƙaramin likita Yanagihara ya gyara takardun majinyacin kuma ya yi shaidar zur, Satomi ya rasa matsayinsa a jami'a saboda ya faɗi gaskiya a kotu, matar mamacin da ɗansa suka yi ta fama da shari'a duk da ƙarancin abin hannunsu. Daga ƙarshe Yanagihara ya kasa jurewa ya miƙe a kotu ya tona asiri, shi kuma Zaizen ciwon dajin huhu ya kama shi, ya bar wasiyya a yi amfani da gawarsa wajen bincike.

Ka duba fa, Likita, iyalan mamacin sun samu wanda za su kai ƙara ne saboda akwai mutum mai suna da fuska da ya yanke hukuncin. Da a ce na'ura ce ta dubi hoton ta ce babu komai, kuma Zaizen ya ce shi abin da na'ura ta faɗa ya bi, ina za su dosa? Kamfanin da ya ƙera ta zai ce shawara kawai take bayarwa, asibiti ya ce likita ne ya sa hannu, likita ya ce ba shi da hurumin musanta abin da ya fi shi karatu. Wannan ɓuyan da mutane za su riƙa yi a bayan na'ura shi ne abin da nake tsoro, kuma shi ne AI Hokai ya nuna ƙarara.

Kada ka ɗauka ina ƙin ci gaba ne. A 2016 an ba da labarin wata mata mai shekara sittin da 'yan kai a asibitin cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Tokyo, wadda maganin sankarar jini da ake ba ta ya ƙi yi mata aiki, sai na'urar Watson ta kamfanin IBM ta gwada bayanan ƙwayoyin halittarta da takardun bincike kimanin miliyan 20, ta gano ainihin nau'in cutar cikin minti goma, aka sauya magani ta samu sauƙi. Babu likitan da zai iya wannan karatun a tsawon rayuwarsa, kuma zalunci ne a hana majinyaci irin wannan taimako. Sai dai likitocin ne suka duba abin da ta kawo, suka yarda da shi, suka sauya maganin da hannunsu, kuma da abin ya ɓaci su ne za su tsaya gaban dangi.

Na san za ka kawo mini Daimon Michiko ta cikin shirin Doctor-X da aka fara a 2012, likitar da take shiga ɗakin tiyata tana cewa ita ba ta kuskure, domin na tuna yadda kake kwaikwayon tafiyarta a tsakar gida lokacin kana ɗalibi, Yaya Babba tana korarka da tsintsiya. Amma ko ita, abin da maganar tata ke nufi shi ne ta ɗora wa kanta nauyin ran majinyacin gaba ɗaya, ba ta bar wa kanta ƙofar tsira ba. Haka shi ma Jin, likitan da shirin ya ci sunansa: abin da ya sa muka ƙaunace shi ai karayar zuciyar da ya shiga ce bayan tiyatar da ya yi wa budurwarsa ta bar ta kwance ba ta san inda take ba, sannan da zamani ya mayar da shi baya ya tsinci kansa a birnin Edo (wato Tokyo ta dā) na 1862, babu hoton ƙwaƙwalwa babu wutar lantarki, ya koma yaƙar amai da gudawa da ruwan gishiri da sukari, yana haɗa maganin penisilin daga funfuna. Duk wanda ya mutu a hannunsa, da shi yake kwana.

Kai ma ka taɓa yin haka, ko da ka manta ni ban manta ba. Daren da Baffa ya rasu, kana ƙaramin likita a lokacin, manyanka sun watse, kai ne ka fito da hular tiyata a hannu, ka tsuguna a gaban Inna a kan simintin baranda, ka kira ta da sunan da 'ya'yanta suke kiranta, ka gaya mata abin da aka yi da abin da ya gagara, ba ka ɓoye komai ba, kuma ba ka tashi ba sai da ta gama kukanta ta sa maka albarka. Har gobe idan aka ambaci sunanka a gidan nan wannan daren take tunawa. Saboda haka ban yarda rabin aikinka zai tafi ba. Karatun hoto da haɗa alamomin cuta na iya komawa hannun na'ura, ina ma murna idan hakan zai rage muku gajiya, amma ina roƙonka, duk ranar da aka kawo irin wannan na'ura asibitinku, ka kasance cikin masu dagewa a rubuta a fili sunan likitan da hukunci na ƙarshe yake wuyansa.

Ina so ka ba ni labarin yadda abin yake a wurinku yanzu: shin an fara amfani da ita wajen duba hotunan majinyata, kuma idan ra'ayinka ya saɓa da nata, wanne ake rubutawa a takarda? Ka nemi fim ɗin ka kalla kafin ka ba ni amsa, sannan ka sake turo mini zango na biyu na Jin, wanda aka yi a 2011, domin ƙaninka ya tafi makaranta da wayar da yake ciki.

Hajiya da Inna da Yaya Babba duk suna gaishe ka. Ka miƙa gaisuwata ga uwargida, ka shafa mini kan yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini har kullum.