Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban INEC: ƙuri'armu a hanya take ɓata

Ranka ya daɗe Farfesa Joash Amupitan,

Barka da aiki, Allah ya taya ka riƙo. Ba zan ja gaisuwa ba, na san tun da ka yi rantsuwa a watan Oktoban 2025 ka sha ta har ta gundure ka. Magana ɗaya ce ta kawo ni, wato IReV, shafin intanet da hukumarku ke ɗora hotunan sakamakon rumfunan zaɓe, da abin da ya same shi ranar zaɓen shugaban ƙasa, Asabar 25 ga Fabrairun 2023.

Ba kai ne a kan kujerar ba a lokacin, amma wanda ya gaji gida ya gaji bashinsa. Magabacinka Farfesa Mahmood Yakubu ya yi ta nanata mana, a Abuja da kuma a Chatham House da ke Landan, cewa babu ja da baya a kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, kuma da an gama ƙirga a rumfa za a ɗauki hoton takardar sakamako a ɗora a intanet kowa ya gani. Hukumar ta nemi naira biliyan 305 don zaɓen. Mu kuwa muka yarda. A daidai lokacin da takardar kuɗi ta gagari talaka saboda canjin naira, mutane suka yi sammako, wasu da ƙafa, suka je suka bi layi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe har dare ya san yadda abin yake. An juye akwati a kan tebur, ɗan bautar ƙasa yana ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi, hasken tocilan waya ya yi masa rumfa. A cike fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kofinsa. Har zuwa nan babu wanda ya isa ya yi aringizo, domin idon unguwa gaba ɗaya yana kan teburin. Daga lokacin da takardar nan ta hau mota ko babur zuwa mazaɓa, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, a nan ne 15 ke iya wayar gari ta zama 150. Shi ya sa 'yan siyasar Arewa suka koya wa magoya bayansu "a kasa, a tsare, a raka". Rakiyar nan ita ce mai haɗari, a cikinta ake haɗuwa da 'yan daba. Amfanin IReV ke nan a wurin talaka: hoton ya riga takardar isa, ba sai ya raka ta da ransa ba.

To a ranar me aka gani? Sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Na'ura ɗaya, hannu ɗaya, sabis ɗaya, amma sai ta zaɓi takardar da ta fi kowace muhimmanci ta yi mata yaji. Aka ce tangarɗa ce. Bayan kusan shekara guda hukumar ta fitar da rahoto, ta ce kuskure ne a yadda aka tsara manhajar ta karɓi sakamakon shugaban ƙasa, kuma takardar farko ba ta hau ba sai wajen ƙarfe 9 na dare. Mu ɗauka haka ne, ni ma ba na cewa ƙarya ce. Amma ranka ya daɗe, ko mai injin markaɗe yakan tayar da injinsa ya gwada kafin ranar biki. Rumfuna sama da 176,000 aka tanada, a ce babu wanda ya gwada ɗora takardar shugaban ƙasa ya ga ko za ta shiga? Wa aka hukunta? Wa ya ajiye aiki? Kafin wayewar garin 1 ga Maris an sanar da wanda ya ci, alhali hotunan rumfuna da dama ba su hau ba. Makonni uku bayan zaɓen shugaban ƙasa, a zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris, sai ga shafin yana aiki kamar ba shi ba.

Kai lauya ne, Babban Lauya ma, ka shekara da shekaru kana koyar da shari'a a Jami'ar Jos, don haka ba ni zan karanta maka hukuncin Kotun Ƙoli na 26 ga Oktoban 2023 ba. A taƙaice kotu ta ce IReV wurin kallo ne, ba da shi ake tattara sakamako ba, kuma rashin ɗorawa bai ɓata zaɓe ba. Ta fuskar doka hukumarku ta fita. A wurin mai shayi da ɗan acaɓa kuwa fassarar ita ce, alƙawarin da aka yi musu a rediyo babu mai tilasta a cika shi. Mutum miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, kusan kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun 1999. Wannan fa kafin a ji kunyar IReV ne. Ka lissafa nawa za su fito a 2027 idan ba a ba su dalili ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan ciwon tsoho ne. A 1951, a ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, zaɓe hawa-hawa ake yi. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi rawar gani a matakan ƙasa a Kano, amma da aka zo matakin ƙarshe, inda aka ba En'e, hukumar sarakuna, damar cusa nata mutanen, ko mutum ɗaya ba ta kai majalisar Kaduna ba. Talaka ya zaɓa a ƙasa, aka gyara masa a sama. Matan Arewa kuwa, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kansu, ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, shekara 19 bayan an sauke tutar Ingila. Bature ya tafi, ya bar mana ɗakin da ake shiga a rufe ƙofa a yanke wa jama'a hukunci, mu kuma muka raɗa masa suna cibiyar tattara sakamako. Ka tuna Adamawa a watan Afrilun 2023, lokacin da kwamishinan zaɓe Hudu Yunusa-Ari ya zauna ya sanar da wata 'yar takara a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna tun ba a gama tattarawa ba, sai da hedikwatarku ta soke. Kalmar "inkwankilusib" ma ta zama Hausa tun 2019, har yara sun san ta.

Don Allah kada a ce mana abin ya fi ƙarfin ƙasar Afirka. A Kenya Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta rushe zaɓen shugaban ƙasa na 2017 saboda yadda aka aika sakamako. Da 2022 ta zo, cikin kwana ɗaya zuwa biyu kusan duk takardun rumfunansu suna intanet, 'yan jarida suna tattarawa da kansu. Rigima ba ta ƙare a can ba, amma an yi ta ne a kan takardun da kowa ke gani.

Na san gyaran doka aikin majalisa ne. Abin da nake roƙo yana hannunka. A yi gwajin IReV a bainar jama'a kafin 2027, a dukkan jihohi a rana ɗaya, da takarda irin ta shugaban ƙasa, jam'iyyu da 'yan jarida suna kallo, a kuma faɗi abin da ya lalace. Ka fito ka ce ba za ka karanta sakamakon ƙarshe ba sai hotunan rumfuna sun hau, inda kuma ba su hau ba a buga sunan rumfar da dalili. Kwana biyu na jira ba zai rushe Najeriya ba.

Akwai sauran abubuwa. Ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis, a san su tun yanzu, tunda a Zamfara mun ga an kashe layukan waya gaba ɗaya a 2021. Tsofaffin da noma ya cinye musu zanen yatsa, da matan da suka sha lalle, a koya wa malaman zaɓe su koma ga tantance fuska ba tare da an kore su ba. 'Yan gudun hijira, kuɗin data da aka ƙara, tsaron 'yan bautar ƙasa, duk ka san su.

Katin zaɓena yana nan a cikin akwati, tare da takardun gida. Ina jiran in ji ranar da ka sa don gwajin kafin in ɗauko shi.

Na gode, a huta lafiya.

Wani mai ƙuri'a daga Kano